Farar Takarda a Bayan Gidan Darma

Ranar Laraba da hantsi, cikin bazarar 1988, ihu ya tashi a Unguwar Bayan Katanga da ke Sharada, wai an sace akwatin gwamnati. Kan ka ce me, maza sun fito daga zauruka, mata sun leƙo ta kan katanga, kowa na tambayar ɗan uwansa abin da shi ma bai sani ba. Akwatin da ake faɗa wata na'ura ce mai girman adakar amarya, wadda aka girka a lungun bayan masallaci kwana talatin da tara da suka wuce, aka kewaye ta da zana saboda awaki. Mutanen unguwa an ce musu ta auna zafin rana ce da ruwan sama, suka ce to, Allah ya ba da sa'a.

Wadda ta girka ta, Malama Safiyatu Sanusi, ma'aikaciyar wani ofishin bincike a cikin gari, tana tsaye a cikin zanar ta dafe kai. Ita duk Alhamis take zuwa duba na'urar. Wannan makon ne aka ce mata motar ofis ba za ta samu gobe ba, ta zo yau, ta tarar da bencin ƙarfe wayam.

Ka san mutanenmu, ba a rasa su da wanda za su zarga. Wani ya ce ya ga Mamman Badamagare, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya wuce ta nan da baro da sassafe. Shi ke nan, aka yi kansa. Kafin Mai Unguwa Idrisu ya ƙwace shi an fasa masa leɓe, an yaga masa riga. Mai Unguwa ya tura shi zaurensa ya ja ƙofa, ya ce kada kowa ya ƙara taka lungun nan, a kira masa Ɗahiru Mai-Sawu.

*

Ɗahiru mutumin ƙasar Ringim ne. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu a daji kafin fari ya koro shi birni, ya samu gadin rana a wata majema a Challawa. Dogo ne, busasshe, ba ya kallon fuskar mutum sai ya fara kallon ƙafarsa. Tun da matarsa Hansatu ta rasu a daminar bara ya ƙara zama shiru-shiru. Tari ne ya ɗauke ta, tari mai fitar da baƙin kaki, wata bakwai tana fama. Asibiti suka ce ba tarin fuka ba ne, suka ba ta ruwan magani mai zaƙi. Danginta suka ce sammu ne, har suka fara nuna juna da baki. Shi dai Ɗahiru abin da ya sani, ɗakinsu yana kallon bututun kamfanin narka tsofaffin batura, wanda 'yan unguwa ke kira Gidan Darma, kuma duk safiya Hansatu sai ta share baƙin gari daga kan tukwanenta. Amma ba shi da abin da zai nuna wa kowa.

Abin da bai taɓa gaya wa mahaluki ba kuwa, sama da wata guda ke nan duk sallar da ya yi a ƙarshen sahu, sai ya ji numfashinta. Ba tarin ba, wannan kurarin da ƙirjinta ke yi a kwanakin ƙarshe, siriri, ba ya yankewa. Yakan yi ta'awwuzi ya ƙara matse goshinsa a tabarma, yana cewa a ransa ko dai hankalinsa ne ya fara taɓuwa.

Ya iso lungun, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin zana.

"Malama, me na'urar nan take aunawa?"

"Yanayi, Baba."

"Mai auna ruwan sama ba ya kuka don an ɗauke masa akwati a bazara. Ki gaya mini gaskiya, sai in san irin ɓarawon da nake nema."

Safiyatu ta dubi Mai Unguwa, ya gyaɗa mata kai. Ta rage murya. Na'urar, in ji ta, zuƙar iska take yi dare da rana ta cikin wata farar takarda, duk dattin da mutane ke shaƙa ya maƙale a jiki. Uku ta girka don gwaji, ɗaya a Bompai, ɗaya a Challawa, ɗaya nan. An amince a kafa tashar dindindin guda ɗaya tal, kuma inda takarda ta fi yin baƙi nan za a kafa. In aka kafa, duk mako za a rubuta abin da ke cikin iskar wurin, rubutun da za a iya ajiyewa a gaban kowa. Ta zaɓi lungun nan ne domin nan iska ke kwaso hayaƙin Gidan Darma ta sauke, ga kuma wutar lantarki a masallaci. Don kada kamfani ya sani ne suka ɓoye wa kowa, daga ita sai Mai Unguwa.

"Rubutun nan," in ji Ɗahiru a hankali, "zai iya faɗin abin da ke kashe mutum?"

"Zai iya nuna hanya."

"To, takardun unguwar nan sun yi baƙi?"

Ta buɗe jaka ta fito da su, guda biyar, kowace a cikin ambulan. Ta farko ta ɗan yi toka-toka. Sauran huɗun fes suke, sun ma fi na Bompai haske.

"Abin da ya hana ni barci ke nan," in ji ta. "Idona yana ganin hayaƙi, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, takarda tana cewa lafiya lau. Agogon jikin na'urar kuma ya nuna ba ta taɓa tsayawa ba. Gobe kwana arba'in, Litinin zan miƙa rahoto."

Ɗahiru ya daɗe yana kallon fararen takardun nan. Wallahi da za a tsaga ƙirjinsa a lokacin, da an ga abin tausayi. Shekara guda yana neman wanda zai ce masa ba ƙarya idonsa ya yi ba, ashe an kawo shaidar har bayan ɗakinsa, ta zauna kwana talatin da tara, ta ce ba ta ga komai ba.

*

Ya fara da baron Mamman. Sawun tayar yana nan ɓaro-ɓaro a kan baƙin garin da ya rufe ƙasar unguwar, ya bi ta gaban zana ya wuce. Ɗahiru ya bi shi har bakin tulin ƙarafa, ya dawo, ya shiga zauren Mai Unguwa.

Mamman na zaune a ƙasa, ya riƙe leɓe da gefen riga.

"Malam Ɗahiru, na rantse da wanda raina ke hannunsa..."

"Bar rantsuwa. Me ka ɗauko a baro?"

"Gwangwanaye da wata tsohuwar kujera."

"Na gani. Tayarka ba ta nutse ba, kuma ba ka ko tsaya a bakin zana ba." Ya juya ga Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah an dake shi a banza."

"In na sake shi yanzu su ƙarasa shi," in ji Mai Unguwa. "Ka kawo mini wani tukuna."

Daga nan sai ƙofar Gidan Darma. Helman lebura, wato shugabansu, wani ƙaƙƙarfa mai suna Lawan, shi ne kunnen masu kamfani a unguwa, ba a yin suna ko jana'iza bai san wanda ya zo ba. Ya fito yana goge hannu da tsumma, bututun na tuttula hayaƙi a bayansa.

"Akwatin ruwan sama? Haba Mai-Sawu! Me za mu yi da shi? Ko darma ce a ciki?" Ya ƙyalƙyale da dariya.

Ɗahiru ya dubi takalminsa, irin na roba mai kauri, ya tuna bai ga irinsa a lungun ba. Amma zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci tun kafin ya zo. Wa zai amfana da ɓatan akwatin in ba su ba? Ya ce a ransa mai aike ba ya barin sawu, amma in aka tsayar da shi a gaban jama'a bakinsa zai suɓuce.

"Mai Unguwa na kiranka bayan la'asar, a ƙofar masallaci."

"Ni? Da wane laifi?"

"Ka dai zo."

*

Saura mutum ɗaya, ladanin masallaci, Malam Ashafa, wanda aka damƙa wa akwatin. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da wani abu, muryarsa ta dishe har sai da lasifika ake jin kiran sallarsa. Shi ya wanke gawar rabin mazan da suka mutu a unguwar, shi kuma ya zauna da Ɗahiru kwana bakwai na zaman makokin Hansatu. Ya same shi a gindin rijiya yana alwala.

"Malam, yaushe rabonku da ganin akwatin?"

"Ɗahiru, amana ce aka ba ni. Yarinyar nan ta ce, Baba, ga amana, kada komai ya taɓa ta, kada kuma wuta ta yanke mata. Ni kuwa..." Sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce lokacin azahar ya yi, ya miƙe.

Ɗahiru ya tsaya inda ya saba, ƙarshen sahu, kafaɗarsa na gogar bangon kudu. Raka'a ta biyu ya ji ta. Kurarin nan, siriri, daga can cikin bango. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya ce a zuci, Hansatu, yau ma? Na ji, ina nema, ki yi haƙuri. Da aka sallame bai tsaya addu'a ba, ya fice kamar wanda aka kora.

Ya koma lungun, ya zauna a ƙasa ya zuba wa bencin ido, don ba shi da sauran inda zai duba. Sawu babu, an share ƙasar cikin zanar tas da tsintsiya. Wayar lantarki ma babu, kuma ba yanke ta aka yi ba. Ya miƙa yatsa ya ja a saman bencin, yatsan ya fito baƙi ƙirin. Ya ja a tsakiya, baƙi. Ya ja a gefe, baƙi, kaurinsu ɗaya.

Nan ya tsaya cak. A unguwar nan ko kwano ka kifa a tsakar gida ka ɗauke bayan kwana biyu, sai ka ga zanensa fari a ƙasa. Abin da ya yi kwana talatin da tara a kan benci, aka ɗauke shi yau da safe, dole ya bar gurbinsa fes, kusurwa huɗu. Wannan benci kuwa baƙin gari ya daɗe yana sauka a kansa ba abin da ya tare. Ashe ba yau aka ɗauke akwatin ba. Akwatin bai taɓa zama a nan ba sai na ɗan lokaci.

Ya bi sharar tsintsiyar da ido. Ta fita ta wata 'yar ɓaraka a ƙarshen zana, ta bi jikin bango taku goma sha biyu, ta tsaya a ƙofar sito na masallaci, inda ake ajiye tabarmi da makara. Ya je ya kara kunne a jikin ƙyauren. Ga kurarin nan, ƙarara, na famfon na'ura yana zuƙar iska. Bangon da yake jingina da shi a sahu, bayan siton ne.

Ya zame ya zauna a bakin ƙofar. Ya kamata ya ji sanyi a ransa da ya gane ba fatalwa ba ce. Abin mamaki, baƙin ciki ya ji, kamar an sake yi masa rasuwa.

*

Bayan la'asar ƙofar masallaci ta cika. Mai Unguwa na kan kujera, Mamman a gefensa, Safiyatu na tsaye rungume da jaka, Lawan ya jingina da bango can baya yana sakace. Malam Ashafa na zaune a kan buzunsa, kansa a ƙasa.

Ɗahiru bai yi dogon jawabi ba. Ya ce a ɗauko bencin. Ya sa Mai Unguwa ya ja yatsa a kai, ya bayyana abin da baƙin ke nufi. Sannan ya je gaban tsohon ya durƙusa.

"Malam, ku ba ni mabuɗin sito."

Tsohon ya ciro shi daga wuyansa ya miƙa. Aka buɗe. Ga akwatin nan a kan tabarmi uku, an lulluɓe shi da farin mayafi, an jona wayarsa a soket ɗin lasifika, yana ta aikinsa. Ko ɗigon datti babu a jikinsa. Jama'a suka ɗauki salati.

"Baba!" in ji Safiyatu. "Baba, don me?"

"'Yata, amana kika ba ni." Muryar da ƙyar take fita. "Kwana uku da kika tafi na leƙa, na ga baƙin nan ya hau shi, har cikin hancinsa. Na ce kayan hukuma, mai tsada, a hannuna zai lalace? Hayaƙin nan ya cinye kwanon rufin masallaci, ina ga wannan? Sai na riƙa shigo da shi. Ranar Alhamis da asuba in mayar, in share wurin, don ki tarar da shi yadda kika bari. Wuta kuwa ban taɓa bari ta yanke ba, ko sau ɗaya. Yau da na ji ihu, na ga an kama Mamman... wallahi na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Mamman, ka yafe mini."

Mamman ya kau da kai, yana hawaye. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa, wani ya ce ai Malam kirki ya yi, ga akwati lafiya, a tashi. Wannan maganar ce ta fasa abin da Ɗahiru ya yi shekara yana dannewa. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya miƙe tsaye.

"Lafiya? Kun ce lafiya? Malam, hayaƙin nan aka kawo shi ya sha! Takardar cikinsa ce za ta yi baƙi, a kai wa hukuma, a kafa tasha a nan, a rubuta abin da ya cinye muryarku, abin da ya kashe Hansatu! Kwana arba'in kuna ɓoye shi daga abin da aka aiko shi ya gani!"

Tsohon ya ɗago, bakinsa a buɗe, ya dubi bututun, ya dubi akwatin. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

Safiyatu ta share ido ta ce da sauran dama tukuna. Za ta roƙi shugabanta ya ƙara mata mako ɗaya. Takarda ɗaya mai kyau, in ta haɗa da ta farko, za ta isa ta yi gardama da ita.

Sai aka ji murya daga baya, a natse, cikin ladabi.

"Malama, don Allah in fahimta. Wato in takardar ta yi baƙi a makon nan, nan za a kafa abin?"

Lawan ne. Ɗahiru ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya. Ya manta da shi sarai. Lawan bai jira amsa ba, ya yi wa Mai Unguwa sallama ya juya yana tafiya a hankali, hannu a aljihu. Ɗahiru ya bi sawunsa da kallo. Har kwanar lungu takunsa gajeru ne. Daga kwanar kuwa sun buɗe, yatsun ƙafa sun nutse a ƙasa.

*

Washegari aka liƙa takarda a ƙofar Gidan Darma, wai an tsayar da tanderu don gyara, ma'aikata su huta mako guda.

Tun da aka kafa unguwar ba a taɓa ganin mako irin wannan ba. Sama ta washe. Mata suka fito da fararen zannuwan da suka daɗe a ƙasan adaka suka wanke suka shanya, wasu suka baza gero a tsakar gida ba rufi. Tsofaffi suka ce tuwo ma ya canja ɗanɗano. Ɗahiru ya ɗauki hutu a majema, ya shimfiɗa tabarma a bakin zana, ya zauna gadin akwatin da kansa. Kullum zai ɗaga kai ya dubi bututun, yana roƙon Allah abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba, ya ga hayaƙi. Ko zare bai fito ba.

Ranar Alhamis Safiyatu ta zo ta zare takardar a gabansa. Ta riƙe ta a hasken rana, ta juya ta, sannan ta saka a ambulan a hankali.

"Zan rubuta duk abin da ya faru, Baba. Amma takarda za su duba, ba labarina ba. Bompai za a kai."

Aka ɗora akwatin a bayan mota, aka ɗaure da igiya. Motar ta fita daga lungun, ta hau titi. Malam Ashafa, wanda kwana bakwai bai iya haɗa ido da kowa ba, ya tako da sandarsa ya zauna a gefen tabarmar.

"Ɗahiru, ni na cuci unguwar nan. Na cuci Hansatu. Ka yafe mini."

"Malam, ku kun ɓoye akwati ba ku san abin da yake yi ba," in ji Ɗahiru. "Ni na sani. Ni na kira Lawan da ƙafata, ni na gaya masa da bakina."

Suna nan zaune, sai ƙarar jiniyar kamfani ta tashi, ta kiran ma'aikatan rana. Can cikin gidaje wata mata ta ƙwala wa 'yarta kira, ta ce maza ta kwashe shanya.